Hoton Ranar Lahadi

Makera, Kaduna
14 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga 'yata Firdausi Hudu, a Legas.

Assalamu alaikum. Da farko ina neman afuwa bisa damun ki da zan yi, alhali na san aikin ofis bai bar miki sarari ba, kuma rabona da ke tun zaman makokin mahaifinki a Zariya, shekara shida ke nan. Idan sunan ya ɓace miki, ni ne Zakariyya'u Bawa, mai gyaran keken ɗinki. Mahaifiyata da kakarki ta wajen uba ciki ɗaya suka fito. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwa da ya sako matata, Mamanki Larai, a gaba, amma da sauƙi.

Dalilin wasiƙar shi ne, na ji an ce aikinki gina shafukan intanet ne, kuma ina so ki gina wa shagona ɗaya. Tsofaffin telolin da suka san hanyar shagon, wasu sun rasu, wasu ido ya hana su ɗinki. Waɗanda suka maye gurbinsu yawanci 'yan mata ne masu shaguna a Barnawa, kuma ba sa tambayar kowa hanya sai wayarsu. Makon jiya wata ta zo da kekenta, ta ce kwana uku ta yi tana neman mai gyara a waya, sai da wani mai Keke Napep ya nuno mata mu. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Karatuna aji shida ne. Duk abin da na sani bayan wannan, daga ƙasidun nan da ake sayarwa a tasha na tsince shi, har da yadda ake tsara wasiƙa. Na sayi wata mai shafi talatin da biyu a kan zamanantar da sana'a, na karanta ta sau uku, na ja layi a ƙarƙashin muhimman wurare. Ta ce duk sana'ar da ba ta da shafi a intanet, nan da shekara biyar ba wanda zai san tana nan.

Ina roƙon kada maganar ta fita tukuna. Akwai Benson a shagon, mutumin Filato ne mazaunin unguwar Nasarawa nan Kaduna, kuma ba shi da aiki sai zolaya. Tun muna masaƙa yake kirana Malam Ƙasida. Idan ya ji ina neman shiga intanet, wata guda zai yi yana dariya. Na fi son sai abin ya tsaya da ƙafarsa sannan in nuna masa.

Wannan takarda da hannu na rubuta, shagon kwamfuta na bakin titi ne za su ɗauki hotonta su aiko miki. Ki aiko da amsa ta wurinsu, za su buga mini. Don Allah ban da saƙon murya, domin abin da aka faɗa da baki ba ya shiga fayil.

Baffanki,
Zakariyya'u Bawa

Ikeja, Legas
28 ga Afrilu, 2025

Baffa, wa alaikumus salam.

Haba Baffa, yaya zan manta da kai? Kai ne kake zuwa gyara keken Umma, ka tara mana kwarkwaron zare muna yin mota da su. Muna nan lafiya, sai cunkoson Legas. A gai da Mama Larai, Allah ya ƙara sauƙi, ta riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi.

Zan yi maka shafin, kuma ba wani abu mai wahala ba ne. Sai dai a ƙarshen mako kawai nake samun lokaci, don haka a yi haƙuri da ni. Na haɗo da takarda mai gurabe biyar, ka cike ka dawo mini da ita: sunan shago, sunan mai shi, ranaku da lokutan buɗewa, irin gyaran da ake yi, da lambar waya. Ka yi tunani sosai a kan sunan shagon, saboda shi ne zai zama adireshin da mutane za su rubuta su same ka, kuma sauya shi daga baya akwai ɗan wahala.

Bayan wannan ina buƙatar abu biyu. Na ɗaya, ɗan tarihin shagon, gajere, yadda aka fara. Na biyu, hotuna masu haske, uku ko huɗu. Duk wanda yake aiki a wurin ya shiga hoton, domin mutane sun fi yarda da wurin da suka ga fuskokin masu shi.

Batun sirri kuwa, kada ka damu. Wa na sani a Makera da zan gaya wa?

'Yarka,
Firdausi

Makera, Kaduna
12 ga Mayu, 2025

'Yata Firdausi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso, na kuma sa ta a fayil, ita ce ta farko a ciki. Mamanki ta gode, ta fara gashin. Ruwa ya sauka sau biyu, kwatar gaban shago ta cika kamar kullum.

Ga takardar na cike. Zan yi bayanin wasu gurabe don kada a samu ruɗani.

Shagon ba shi da suna. Allon da ke saman ƙofa cewa kawai ya yi ana gyaran keken ɗinki. Ƙasidar ta ce sunan da ya fi dacewa da ƙaramar sana'a shi ne sunan mutum, domin ya fi saurin zama a kai. Saboda haka na rubuta Zakariyya'u Mai Keke. A gurbin mai shi kuma, layi ɗaya kika bari, kuma ba ɗabi'ata ba ce in tsallake layi ko in cusa rubutu a gefen takarda, don haka na sa sunana.

Ranakun buɗewa: kwana bakwai, ƙarfe takwas zuwa shida. Ina so a rubuta wannan da manyan baƙaƙe. Duk layin nan babu shagon gyara da yake buɗe Juma'a da Lahadi duka sai wannan. Tela idan kekensa ya tsaya ana gobe biki, ya san inda zai nufa. Gyara kuwa ana yin na keken ƙafa, da na hannu, da manyan kekunan lantarki na masu ɗinki da yawa.

Tarihin ya kai shafi bakwai. Na san kin ce gajere, na kuma yi ƙoƙarin ragewa, amma duk abin da na so cirewa sai in ga yana da muhimmanci. Ki karanta duka.

Hotuna huɗu ne, jiya Lahadi aka ɗauka. Na zaɓi Lahadi da gangan, saboda layin ba hayaniya, rabin shaguna a rufe, ba Keke Napep da zai tare ƙofa. Ƙasidar ta ce kada a bar komai a hoto in ba kayan sana'a ba. Na share shagon sau biyu, na goge kekuna, na sauke kalandu biyun da ke bango, na ɗauke buta. Benci ɗaya da tarkace ya yi wa yawa na tura shi bayan ƙofa, da mai hoto ya tafi na mayar da komai daidai inda yake. Na sa farar rigata ta Sallah. A hoto na uku idona ya ɗan rufe, kada a yi amfani da shi.

Ina jiran labari.

Baffanki,
Zakariyya'u Bawa

Ikeja, Legas
20 ga Yuni, 2025

Baffa, barka da Sallah, da fatan an ci nama lafiya.

A gafarce ni da jinkiri, ƙaramar 'yata ce ta yi zazzaɓi, amma ta warware. Albishirinka: shafi ya hau. Ka ce wa masu shagon kwamfuta su rubuta Zakariyya'u Mai Keke, za ka ga kanka cikin farar riga, ka yi kyau ƙwarai. Na sa taswira da maɓallin da mutum zai taɓa wayarka ta yi ƙara. Kwana bakwai ɗin na nan da manyan baƙaƙe yadda ka ce.

Tarihin na taƙaita shi zuwa layi uku. Baffa, ba mai karanta shafi bakwai a waya, ko ni sai da na sha shayi biyu.

Idan akwai gyara ka faɗa. Allah ya kawo kasuwa.

Firdausi

Makera, Kaduna
7 ga Yuli, 2025

Firdausi,

Ina fata kuna lafiya, yarinya kuma ta ƙara samun ƙarfi. Mamanki na nan yadda take. Ni kam ba zan ce miki lafiya nake ba.

Zan faɗi abin da ya faru bi da bi, domin ki san abin da layukanki uku suka jawo.

Da shafin ya hau na yi murna, kuma mutum uku sun zo ta dalilinsa. Ban nuna wa Benson nan take ba, ina jira a buga mini shafin a takarda mai kyau in sa a gilashi. Ranar Juma'ar da ta wuce waccan, ina masallaci, wata yarinya ta kawo keke. Ta tarar da Benson, ta ce masa, "Ina oganka, mai farar rigar nan na intanet?" Ya ɗauka ta yi ɓatan shago ne. Da ya koma gida ya ba 'yarsa Dorcas labari yana dariya. Dorcas tela ce, tana da shago a Barnawa, kuma waya ba ta barin hannunta.

Ranar Talata da safe ina jera kayan aiki sai ga su tare. Benson ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba, ya cire hula ya rusuna.

"Ina kwana, Oga Manaja."

Na ce, "Benson, yau kuma da wace ka zo?"

Dorcas ta gaishe ni yadda ta saba, sannan ta miƙo wayar. "Baba Zakari, wannan shagon nan ne?"

Na ce shi ne, kuma dama ina shirin nuna musu.

Benson ya ce, "Karanta masa, Dorcas. Ni idona ba ya ganin ƙananan rubutu."

Ta karanta: "Malam Zakariyya'u Bawa ne ya kafa wannan shago shekara ashirin da biyu da suka wuce, bayan an rufe masaƙa. Shi da ma'aikatansa suna buɗe kowace rana domin hidimarku."

"Ma'aikatansa," in ji Benson. "Mu nawa ne, Oga? Ka nuna mini sauran mu gaisa. Kuma tun da abin ya zama haka, ina neman hutun shekara, nawa ya taru."

Na ce ba ni na rubuta wannan kalmar ba.

Ya karɓi wayar ya kawo ta kusa da fuskarsa. "Ina bencina?"

Na ce yana bayan ƙofa, saboda tarkace.

"Kalandar cocinmu fa?"

Na ce na sauke tawa ma, ta masallaci, ba tasa kaɗai ba. Na fara yi masa bayanin abin da aka ce game da hoto, ya ɗaga hannu.

"Na sani, ƙasida ce ta ce. To ƙasidar ta gaya maka wanda yake buɗe shago ranar Juma'a? Ga shi nan da manyan baƙaƙe, kwana bakwai. Kana sahu a masallaci, aljani ne yake karɓar keke?"

Firdausi, ya kamata ki san wane ne aka kira ma'aikaci. A masaƙa Benson ne shugaban sashenmu, shi ya koya mini saita allura da ƙoshiya. Da aka rufe masaƙa, shi ya nemo wannan shago, kuma da akwatin kayan aikinsa muka fara. Tun ranar farko muka tsara: Juma'a shi ke riƙe shago in tafi masallaci, Lahadi ni ke riƙewa ya tafi coci. Ba mu taɓa rubuta wannan a takarda ba, ba mu kuma taɓa saɓawa ba. Lokutan da gari ya rikice aka yi ta ƙaura daga unguwa zuwa unguwa, mutanensa sun ce ya rabu da ni, nawa sun ce in rabu da shi, ba wanda ya motsa a cikinmu. Manyan kekunan lantarkin nan da aka rubuta ana gyarawa, shi ke gyara su. Ni ban wuce buɗe murfinsu ba.

Bai ɗaga murya ba. Ya shiga ya tattara sifanoninsa da sukudirebobi, ya naɗe kalandarsa, ya rataye makullinsa a ƙusar da ke bayan ƙofa. Dorcas ta ɗauki akwatin tana cewa, "Daddy, ka bari ku zauna mana." Ya ce mata ma'aikaci ba ya zama a gaban oga. Yau kwana shida ke nan, benci na nan ba kowa. Ranar Juma'a, karo na farko a shekara ashirin da biyu, na sa wa shagon kwaɗo da rana tsaka.

Na ba ki shafi bakwai, na ce ki karanta duka. Kika yanke su da almakashi kamar ƙyalle, kika ƙara kalmar da ban taɓa rubutawa ba. Da kin tambaye ni kafin ki ɗora wa duniya, da ba a kai nan ba. Ku yaran zamani komai sauri, komai gajere. Ina son bayani a rubuce.

Zakariyya'u Bawa

Makera, Kaduna
28 ga Yuli, 2025

Firdausi,

Bayan gaisuwa. Yau mako uku da aiko miki wasiƙa. Kullum da safe ina biyawa shagon kwamfuta, har sun fara girgiza mini kai tun daga nesa. Idan rashin lafiya ce, Allah ya sawwaƙe, a sanar da ni. Idan kuma shirun shi ne amsar, to na fahimta: an gama aiki, an wuce na gaba, tsoho ya ji da abin da ya rage.

Manyan kekuna biyu na mayar wa masu su ban taɓa ba. Wayata kuwa ba ta daina ƙara ba, shafinki na aiki sosai.

Zakariyya'u Bawa

Ikeja, Legas
4 ga Agusta, 2025

Baffa,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwar Mama da sauƙi. Lafiyarmu ƙalau. Ba raini ne ya hana ni amsa ba. Sau uku ina rubutawa ina gogewa, domin kai uba ne, kuma ban san yadda zan faɗi abin da zan faɗa ba tare da na yi rashin kunya ba.

Kalmar ma'aikatansa tawa ce. Na yi kuskure da ban tambaya ba, kuma ina neman gafararka da ta Baba Benson. Amma Baffa, ba daga iska na ɗauko ta ba.

Na koma na karanta duk abin da ka aiko. A wasiƙar farko ka ce "shagona", ka ce "akwai Benson a shagon". Na tambayi sunan mai shi, ka ba ni ɗaya. Layi ɗaya na bari, gaskiya ne, amma bayan takardar fari ne fes, kuma ka rubuta mini wasiƙa guda ta bayani a kan gurabe ba ka ambace shi ba. Na ce duk mai aiki a wurin ya shiga hoto, ka aiko huɗu, kai kaɗai. Ka ce ka zaɓi Lahadi saboda ba hayaniya, ba ka ce mini ranar ce ba ya zuwa ba.

Shafi bakwai ɗin kuma na karanta su duka, tun wancan lokacin. Akwai ranar da ka sayi fanka, akwai shekarar da ruwa ya shiga shago, akwai sunayen teloli goma sha ɗaya da suka yaba maka. Sunan Benson sau ɗaya ya fito, a shafi na shida, layi na huɗu daga ƙasa: "Benson ya riƙe mini tsani ranar da na kafa allo." Duk abin da ka gaya mini a wasiƙar fushi, cewa shi ya koya maka, shi ya nemo shagon, shi ke riƙe Juma'a, ban taɓa jin ko ɗaya ba sai ranar. Da ka rubuta rabinsa a cikin shafi bakwai ɗin, wallahi da sunansa ne zai zo farko.

Na riga na gyara. Yanzu shafin ya ce Benson da Zakariyya'u ne suka kafa shagon tare, na cire waccan kalmar. Minti biyar ya ɗauke ni. Adireshin ne kawai ba zai sauyu nan take ba. Ku ɗauki sabon hoto ku biyu, ranar Talata ko Laraba, ka aiko mini.

Ka yi haƙuri idan na faɗi abin da ya fi bakina.

'Yarka,
Firdausi

Makera, Kaduna
18 ga Agusta, 2025

'Yata Firdausi,

Assalamu alaikum. Ina sake neman afuwar damun ki, da kuma afuwar wasiƙu biyun da suka gabata. Ina fata kowa lafiya. Mamanki ta fara taka ƙafar ba sanda.

Da takardarki ta iso na ɗauko kwafin shafi bakwai ɗin daga fayil, na bi su da fensir layi layi, ina neman inda kika yi kuskuren ƙirga. Ba ki yi ba. Shafi na shida, layi na huɗu daga ƙasa.

Shekaranjiya Asabar na sa aka buga mini sabon shafin, na hau Keke Napep zuwa Barnawa. Benson ya kafa tebur a barandar shagon Dorcas, kekuna uku na jiran sa. Dorcas ta kawo mini kujera da ruwan sanyi, ta koma ciki ta rage ƙarar rediyo.

Na miƙa masa takardar. Ya sa tabarau ya duba.

"To, ga ni na shigo. Yaya aka yi?"

Na ce ke kika gyara, kuma abin bai ɗauki fiye da minti biyar ba.

"Minti biyar," ya ce. "Ashe ba wuya."

Na yi niyyar in tsaya a nan, in bar laifin a kanki, tun da ba ki nan kuma bai san ki ba. Amma fayil ɗin na hannuna, kuma ban iya ba. Na ce masa yarinyar ba ta da laifi, abin da na ba ta shi ta taƙaita. Ya ce in ba shi ya gani. Na ba shi.

Ya karanta shafi bakwai ɗin nan duka, a hankali, yana bin layi da yatsa mai baƙin mai. A wurin fanka ya yi murmushi. A wurin ruwa ya ce, "An yi haka." Da ya kai shafi na shida sai ya tsaya, ya cire tabarau.

"Zakari, kai ka riƙe tsanin."

Na ce a'a, ina tunawa sarai.

"Ka hau mataki uku ka ce jiri kake ji, ka sauko. Ni na hau. Kana ƙasa kana ta cewa ya karkace hagu, ya karkace dama, har mai shayi ya ce ka bar mutum ya yi aiki."

Ya jera takardun daidai yadda na ba shi, ya miƙo mini.

"Ba fushi nake ba," ya ce. "Fushin ya wuce tun makon farko. Ba ƙarya ka yi ba, na san ka, ba ka iya ta ba. Haka kake tuna abin ke nan. Shekara ashirin da biyu ina zaune hannun hagunka, ban san haka labarin yake a kanka ba sai da aka ba ka takarda da biro ranar da ba na nan."

Na ce ya dawo, a ɗauki sabon hoto, a sa sunansa farko har a sunan shagon.

Ya ce, "Ka ce wa 'yarka na gode, amma ta cire sunana. Ba a tambaye ni ba da aka bar ni a waje, ba a tambaye ni ba da aka shigo da ni. Idan babban keke ya zo maka, ka turo shi nan, ba zan mayar ba. Ka gai da Larai."

Dorcas ta raka ni bakin titi ta tsayar mini da Keke Napep. Ta ce in ba shi lokaci. Na tambaye ta nawa, ta ce ita ma ba ta sani ba.

Da na dawo Makera ban buɗe shago ba, na tsaya a gaban ƙofa na ɗaga kai ina duba allon. Ƙusoshi huɗu ne. Duk huɗun sun kwanta gefe guda, irin bugun bahago. Benson bahago ne. Kullum sai na wuce ta ƙarƙashinsu sau biyu, ban taɓa dubawa ba.

Saboda haka ga buƙatuna, kuma ina jiran amsarki a rubuce a kan kowace ɗaya:

1. Ki cire sunan Benson kamar yadda ya nema. Ki cire tarihin ma gaba ɗaya, kada ki maye gurbinsa da komai.

2. A wurin irin gyaran da ake yi, ki cire manyan kekunan lantarki.

3. Ki goge kwana bakwai. Ki rubuta: Juma'a a rufe. Ba sai da manyan baƙaƙe ba.

4. Ki sanar da ni ko mutanen da suka riga suka ga shafin farko akwai yadda za a yi a san yawansu. Idan babu, ki faɗa mini babu.

5. Hoton kuwa ki bar shi yadda yake, kada ki jira sabo. Duk wanda ya zo yanzu, abin da ya gani a hoton shi zai tarar.

Baffanki,
Zakariyya'u Bawa